Wa Zai Biya Kuɗin Ɗan Kwikwiyon da Aka Haifa da Tangaɗi?

Kawuna ya shekara goma sha ɗaya yana gadi a wani gida da ke ɓangaren Lekki a Legas. Shi ne mai buɗe get, shi ne mai tayar da janareto, shi ne mai ba fulawoyi ruwa, kuma tun da masu gidan suka fara ajiye karnuka, dafa musu abinci da kwashe kashinsu ya hau kansa, duk a kan albashi ɗaya. Wata Lahadi bayan la'asar ya iso wurina a Agege, ya zauna a kan benci, na sa mai shayi ya haɗa masa mai kauri, ya ƙi ko kallon kofin. Na ce, "Kawu, lafiya kuwa?" Ya ce, "Ina fa lafiya, ɗana. Madam ta ce ni na yar da karenta ya bugu a ka. Wai a albashina za ta cire kuɗinta."

Madam ta ga hoton ɗan kwikwiyo ne a waya, aka ce mata jinsin Alseshan ne tsantsa, ta tura kuɗi, ɗan aike ya kawo shi cikin kwali a bayan babur. Bai wuce mako biyar da haihuwa ba. Kwana biyun farko yana kwance, aka ce baƙunta ce. Ran da aka sauke shi a kan tayil kowa ya ga abin da ke nan. Yana tsayuwa ya wawware ƙafafu, in zai taka ya ɗaga ƙafar gaba sama kamar sojan fareti, taku uku ko huɗu sai ya ci da ƙasa. In ya nufi kwanon abinci sai kansa ya kama rawa, ya yi ta saran gefen kwanon kamar kaza tana tsattsagar dawa. Wanda ya sayar ya rantse lafiya ƙalau ya bar hannunsa, daga nan ya daina ɗaga waya. Mai girki ta ce haukan kare ne, a kashe shi tun bai ciji yara ba. Direba ya ce jifa aka yi wa maigida ya faɗa kan dabba. Da laifi ya gama zagaya gidan bai sami masauki ba, sai ya gangaro ɗakin da ke bakin get.

Sa'ar da Kawu ya yi ita ce babban ɗan gidan ya dage sai an kai wa likitan dabbobi. Na raka su don in yi tafinta. Likitar ba ta taɓa allura ba tukuna. Ta ajiye shi a ƙasa ta zuba masa ido yana tafiya, ta auna zafin jikinsa, ta haska idanunsa, ta shafa ƙoƙon kansa ko za ta ji kumburi ko targaɗe, ta tambayi Kawu yadda yake cin abinci. Sannan ta ce duk alamu sun nuna da abinsa aka haife shi, kuma a bar mata shi a killace na kwanaki ta ƙara tabbatarwa.

Abin da ta yi mana bayani ya kamata duk mai hulɗa da karnuka a garin nan ya sani, mu kuwa 'yan arewa muna cikin waɗanda suka fi kowa hulɗa da su, ko muna so ko ba ma so. A can ƙeya, ƙarƙashin babbar ƙwaƙwalwa, akwai wata ƙarama da likitoci ke kira serebelam. Ba ita ke ba gaɓoɓi ƙarfi ba, aikinta awo ne: nawa za a ɗaga ƙafa, ina za a dire ta, yaya za a tsayar da kai daidai bakin kwano. A jikin kare wannan sashe bai gama ginuwa ba a kwana sittin da uku da yake yi a ciki, yana ci gaba da haɗuwa har makonni bayan haihuwa. In wani abu ya katse ginin, sai ya tsaya a tsumbure. Ɗan kwikwiyon yana da ƙarfinsa, yana da wayonsa, yana gane mai ba shi abinci, ma'aunin ne kawai babu. Ba a gane matsalar ranar haihuwa domin dukkansu rarrafe suke, idanunsu ma sai bayan kwana goma zuwa sha huɗu suke buɗewa. Sai wajen mako na uku, da 'yan uwansa suka fara miƙewa, a ga shi yana layi. Abu biyu ne suka kwantar wa Kawu da hankali: ba ciwo yake ji ba, kuma abin ba ya ƙaruwa. Yadda aka haife shi haka zai tsaya, da yawa ma sukan koyi dabarun zama da abinsu har su tsufa.

Akwai wasu nau'o'in da ba su zo da sauƙi haka ba. Wanda aka fi gani a ƙananan karnukan ɗaki, irin su Ciwawa da Fomeraniyan da Lasa mai gashi har ƙasa da matan Legas ke so, shi ne taruwar ruwa a cikin kai. Kan ya yi tulluƙeƙe kamar ƙwarya, maɗigar ba ta rufe ba, idanu su karkata ƙasa da gefe, dabbar ta yi ta kewaya wuri ɗaya ko ta dinga tokare kai da bango, wani lokaci da farfaɗiya ko makanta. Uwar da ta taɓa ganin jariri mai irin wannan lalura za ta gane hoton nan take, don abu ɗaya ne. Ana rage shi da magani, akwai kuma tiyatar sa siririn bututu da ke janye ruwan zuwa ciki. A jinsin Lasa ɗin dai an san wata lalurar da ƙwaƙwalwa ke fitowa sumul babu lanƙwashe-lanƙwashen da aka sani, ita ma takan zo da farfaɗiya. Akwai kuma wanda ake haihuwarsa garau, sai daga baya ƙaramar ƙwaƙwalwar ta fara lalacewa a hankali, shi kam kullum gaba abin yake yi. Tantance wanne ne wanne aikin likita ne, wani sa'in sai da hoton MRI.

Maganar mai girki ita ce ta fi tsaya mini a rai, domin ba wauta ta yi ba. Tsoron haukan kare tsoro ne na gaskiya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cutar na kashe mutum kusan 59,000 a kowace shekara, kusan duka a Afirka da Asiya, kashi 40 cikin 100 kuwa yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Ɗan kwikwiyo ma yana iya kamuwa, kuma ba kowane mahaukacin kare ne ke bin mutane da gudu ba, wani shanyewa yake yi ya yi ta dalalar da miyau. Saboda haka duk wanda kare ya ciza ko ya yakusa, mai tangaɗi ne ko mai tafiya daidai, ya wanke wurin da ruwa da sabulu na minti 15, ya nufi asibiti a ranar, kada ya tsaya jiran mai tofi. Amma akwai bambancin da ido ke gani. Haukan kare sauyi ne: dabbar da jiya take lafiya yau ta canza hali, kuma da zarar alamu sun bayyana ba ta cika wuce kwana goma a raye ba. Haka cutar distamfa, wadda ita ma ke taɓa ƙwaƙwalwa, tana zuwa da zazzaɓi da kwantsa da majina da tari, jiki na fizga, kullum abin na ƙara muni. Wanda aka haifa da tangaɗi kuwa tun takunsa na farko haka yake, yana cin abincinsa, yana kaɗa jela, mako uku baya da yau duk ɗaya. Abin da ya dace da dabbar da ake shakka a kanta shi ne a killace ta a kira likita. In aka rotse mata kai da tabarya aka jefa a kwata, an zubar da jinin da ƙila yake da haɗari a tsakar gida, an kuma ɓatar da kan da za a iya kai wa gwaji a san gaskiya, irin gwajin da cibiyar binciken dabbobi ta Vom a jihar Filato, wadda aka kafa tun 1924, take yi.

To daga ina lalurar take fitowa? Wani lokaci ƙwayar cuta ce ta kama uwar tana da ciki, ko ta kama jariran a kwanakin farko. A kyanwa an daɗe da tabbatar da haka, a kare kuma ana danganta shi da ƙwayar hafis ta karnuka, wani lokaci da fabo, cutar nan mai sa gudawar jini da ke share 'yan kwikwiyo a garin nan. Guba da rashin abinci mai kyau ga uwa ma suna iya jawowa. Sai kuma gado, kuma a nan ne hannun ɗan Adam ya fi fitowa fili.

Bahaushe ba ya buƙatar dogon bayani a kan wannan, don sikila ta riga ta koya mana darasin da hawaye. Uba AS, uwa AS, dukkansu lafiyayyu a ido, amma kowane ciki yana da kaso ɗaya cikin huɗu na zuwa da SS. Abin ya kai har jihar Kano ta yi dokar gwaji kafin aure a 2024. Lissafin bai canza ba a wajen kare. A 2015 masu bincike a Jami'ar Bern ta ƙasar Siwizalan sun gano ainihin ƙwayar gadon da ke sa a haifi wani jinsin kare mai suna Yureshiya da ƙaramar ƙwaƙwalwa a gutsure, kuma sai uwa da uba duk suna ɗauke da ita take bayyana. Yanzu a dubi yadda ake kiwon karnukan sayarwa a bayan gidaje daga Ikorodu zuwa Ajah. Mutum ya sayi mace da namiji daga ciki ɗaya don ya fi araha, su girma ya haɗa su. 'Ya'yan su fito, ya ajiye mace guda, ya mayar da ita ga ubanta. Babu littafin da ake rubuta wa ya haifi wa. In ciki ya zo da mai tangaɗi guda ɗaya, ba a ɗauke shi a matsayin gargaɗi a raba iyayen, sai a yi sauri a sayar da shi tun yana mako huɗu ko biyar, lokacin da kowane ɗan kwikwiyo ke ɗan layi, mai saye ba zai bambance ba. Likitoci na cewa a bar su da uwarsu har mako takwas. Ni a ganina rabin dalilin gaggawar nan kuɗin abinci da allura ake gudu, sauran rabin kuwa aibi ake ɓoyewa.

Abin da ke ba ni haushi shi ne mu mun fi kowa sanin yadda ake cinikin dabba na mutunci. A je Alaba Rago ana saura mako guda Babbar Sallah, ko kasuwar shanu ta Oko-Oba nan kusa da mu. Wa zai sayi rago a hoto? Sai an tayar da shi, an kora shi ya taka, an buɗe baki an duba haƙora, domin kowa ya san dabbar da gurguntarta ta bayyana ba ta yin layya. Ga dillali a tsaye, ya ci la'ada, in aibi ya fito gobe an san rumfar da za a same shi. Fiƙihun da muka karanta a zaure ma ya ba mai saye damar mayar da kaya in ya tarar da aibin da ya riga ciniki. Kakanninmu suka ce ba a cinikin biri a sama. Amma mutanen da suka yi boko har ƙasar waje suna tura ɗaruruwan dubban naira a kan hoto da bidiyon daƙiƙa goma, in abin ya ɓaci kuma a waiwayo kan maigadi. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Na san abin da wani zai ce, don an faɗa mini a majalisarmu ta bakin masallaci: mutane na kwana da yunwa, jarirai masu ruwa a kai suna kwance iyayensu sun rasa kuɗin tiyata, kai kuma ka zauna kana rubutu a kan kare? Maganar tana da nauyi, ban raina ta ba. Amsata ita ce a labarin nan mutum ne ya kusa rasa albashin wata biyu a kan laifin da aka aikata tun kafin a haifi dabbar. Kuma kasuwar da ba ta rubuta iyayen kare ita ce dai ba ta rubuta allurarsa. Mai kiwon da ya ɓoye tangaɗi shi ne zai cika katin rigakafi da biro a ɗakinsa ba tare da allura ta taɓa fatar dabbar ba, ko ya kira wani yaro mai jaka da ake ce wa dokta alhali bai taɓa shiga aji ba. Karen da bai sami allurar hauka ba a wata uku, in ya girma ya tsallake katanga, ba ɗan maigida zai fara cizo ba. Almajiri ne, ko mai tura ruwa a kura, ko ɗan maigadin da ke wasa a bakin get.

Wani kuma ta fuskar addini zai zo, ya ce me ya haɗa Musulmi da kare. Ba malami ba ne ni, amma abin da na tashi na ji a gaban malamanmu na Malikiyya shi ne an yi izinin riƙe kare don farauta da tsaron dabbobi da gona, kuma a mazhabarmu jikin kare mai rai ba najasa ba ne, duk da umarnin wanke ƙwaryar da ya yi lallagi a ciki sau bakwai. A kan ciniki, Risala ta ce an hana sayar da karnuka, an kuma yi saɓani a kan wanda aka yi izinin riƙewa. Malamai na kawo labarin cewa shi kansa mai Risalar, Ibn Abi Zaid, ya ajiye kare da katangar gidansa ta faɗi, da aka tuna masa cewa Imamu Malik ya ƙi hakan sai ya ce da Malik ya riski zamaninsu da zaki zai ajiye. Wanda ya kwana a Legas ya san abin da yake nufi. Duk wanda ya ɗauki fatawar cewa kuɗin kare haramun ne, to ya fi kowa hujjar ƙin wannan kasuwa ta algus. Hadisin mutumin da aka gafarta wa saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa da huffinsa kuwa yara ma sun haddace shi. Ban ga inda aka ce a jefi maras lafiyarsu da dutse ba.

Ba ina cewa kowane ɗan kwikwiyo mai lalura sai an raya shi ko ta halin ƙaƙa ba. Wanda farfaɗiya ke kayarwa kullum, ba ya gani, ba ya iya cin abinci, jinƙai a gare shi shi ne likita ya yi masa allurar da zai tafi ba wahala. Wannan hukuncin na likita ne da mai dabba. Ba aikin da za a miƙa wa maigadi da daddare a ce ya sa a buhu ya kai bakin lagun ba ne, ya dawo yana istigfari shi kaɗai.

Wasu ƙasashen sun gaji da irin wannan sun taka wa abin birki. Tun Afrilun 2020 Ingila ta hana 'yan tsakiya sayar da ɗan kwikwiyo ko ɗan kyanwa da bai kai wata shida ba, sai dai a je wurin mai kiwon kai tsaye, kuma ana son mai saye ya ga uwar da idonsa. A 2023 Kotun Ƙolin Norwe ta yanke cewa ci gaba da kiwon wani ɗan karen ado mai suna Kabaliya ya saɓa wa dokar kare haƙƙin dabbobi, saboda an yi ta tace jinsin har cututtukan gado suka yi masa katutu, ciki har da ƙoƙon kai da ya yi wa ƙwaƙwalwa kaɗan. Ba na mafarkin Legas ta zama Norwe. Amma muna da Majalisar Likitocin Dabbobi ta Najeriya mai rajistar likitoci, muna da dokar yaƙi da cututtukan dabbobi da aka sabunta a 2022, an kafa ma'aikatar kula da kiwo ta tarayya a 2024, jihar Legas na da hukumar kare haƙƙin masu saye, ga asibitocin koyarwa na dabbobi a Ibadan da Abeokuta. Abin da ya rage ƙarami ne. Duk mai kiwon kare don sayarwa ya yi rajista da adireshin da za a same shi. Kada a sayar da wanda bai kai mako takwas ba. Kowane ɗaya ya fita da takardar likita mai lambar rajista, wadda ta nuna an gan shi yana tafiya. Iyayen da suka haifi mai lalurar gado kuma a daina haɗa su. Gwamnatin da ta iya hana acaɓa hawa manyan titunan Ikeja da Eti-Osa a rana ɗaya ba za ta ce wannan ya fi ƙarfinta ba.

Kafin gwamnati ta farka, akwai abin da ke hannunmu. Sarakunan Hausawa na unguwanni da shugabannin ƙungiyoyin masu gadi suna tara mutane a kan katin zaɓe da rikicin kasuwa, ba zai gagare su gayyato likitan dabbobi sau ɗaya a shekara ba, ko da ranar 28 ga Satumba ce da duniya ta ware don haukan kare, ya yi wa 'yan uwanmu bayani da harshen da suke ji. Shawarar da na ba Kawu kuwa ita nake ba kowane maigadi: ranar da aka kawo sabon kare, kafin ka karɓi igiyarsa, ka sa a sauke shi ƙasa a gaban mai gida, ka ɗauki bidiyonsa da wayarka yana tafiya yana cin abinci. Minti biyu ne. Da Kawu ya yi haka ran da aka buɗe kwalin nan, da babu wanda zai buɗe baki ya ce shi ya yar da shi.

Bayan kwana goma sha biyu likitar ta sallami ɗan kwikwiyon, ta rubuta a takarda cewa lalurar haihuwa ce, babu alamar bugu. Madam ba ta cire kuɗin ba, ba ta kuma ce wa Kawu ya yi haƙuri ba. Ta ce a fitar mata da shi daga cikin gida, ba ta son baƙi su gani. Yanzu yana zaune a bayan ɗakin gadi. Kawu ya shimfiɗa masa tsohon kafet don tayil na kwashe masa ƙafa, ya ɗora kwanon abincinsa a kan bulo don kada ya sunkuya da nisa, ya kuma toshe hanyar matakala da katako. Ya girma, yana haushi da murya kamar ta kowane Alseshan, in baƙo ya ƙwanƙwasa get shi ke fara ji, sai dai kafin ya iso ya faɗi sau biyu. Ranar da na kai ziyara na ce, "Kawu, kai da ko inuwar kare ba ka so a Katsina?" Ya harare ni, ya ɗauki butarsa, ya ce in matsa masa zai yi alwala, kuma in kula kada in taka wa Ɗan Tangaɗi jela.